Babur Mai Tagulla da Taswirar Ƙasar da Babu Ita: Salon Tururi da Masu Ƙere-ƙeren Gombe

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan fasaha da al'adu a garin Gombe

Sabon babur ba ya hawa titin Gombe yadda ya fito daga kwali. Da an ɗaure shi, sai mai shi ya gangara da shi wurin masu kwalliya. A naɗe tanki da leda, a ɗinka wa kujera riga mai geza, a ƙara ƙananan fitilu masu launi, a manna kirari ko addu'a a baya. Wani har salansa yake canjawa don unguwa ta san ya dawo. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke ƙara wa Boxer ko Jincheng gudu, balle ya rage masa shan mai, amma ɗan acaɓan da bai gama biyan kuɗin babur ba sai ya ware wa kwalliyar nan kasonta. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla, ya ga jalala da sirdi da adon linzami, ya san inda ido ya koyi wannan sha'awa.

Wannan maƙala ta ɗauki ɗabi'ar nan ta yi wa inji ado ta ajiye ta kusa da wani salo da ya yi ƙarfi a Turai da Amurka, inda mutane ke ƙera babura da kwamfutoci da agogo, suna kuma zana taswirar ƙasashen da babu su, duk da kamannin zamanin injin tururi. Matsayar maƙalar ita ce Gombe tana da hannu, tana da ƙarfe. Abin da ya yi mata ƙaranci biyu ne: labarin da za a ɗora ƙirar a kansa, da yardar jama'a cewa mutum na iya ƙera abu don nishaɗi kawai.

Inda salon ya samo asali

Sunan da aka san salon da shi, steampunk, ya fito ne daga wata wasiƙa da marubuci K. W. Jeter ya aika wa mujallar Locus ta Amurka, aka buga a Afrilun 1987. Cikin raha ya laƙaba shi ga irin labaran da shi da abokansa Tim Powers da James Blaylock suke rubutawa, waɗanda suke faruwa a Landan ta zamanin Sarauniya Biktoriya. A 1990 William Gibson da Bruce Sterling suka fitar da The Difference Engine, labarin da ya ɗauka cewa injin lissafin Charles Babbage ya yi aiki tun a ƙarni na 19, Ingila ta shiga zamanin kwamfuta da gawayin kwal da tururi. A zahiri Babbage ya mutu a 1871 bai kammala injin ba. Gidan tarihin kimiyya na Landan ne ya bi zanensa ya ƙera sashen lissafin a 1991, ya ƙarasa sashen buga sakamako a 2002. Sassa kusan 8,000, nauyi wajen tan 5, kuma ya yi lissafi daidai.

Daga littafi sai abin ya sauko gareji. A 2007 wani Ba'amurke da ke kiran kansa Jake von Slatt ya kwance tsohon allon rubutun kwamfuta na IBM, ya yi masa gida da tagulla, ya sa masa maɓallai irin na tsohuwar tafireta, ya baza hotunan kowane mataki a intanet. Jama'a suka kwaikwaya. Daga Oktoban 2009 zuwa Fabrairun 2010 gidan tarihin kimiyya na Jami'ar Oxford ya baje irin waɗannan ƙere-ƙere, mutum sama da 70,000 suka shiga kallo. A birnin Nantes na Faransa, mahaifar marubuci Jules Verne, an mayar da tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa filin wasa, inda tun 2007 wata giwa ta katako da ƙarfe mai tsayin mita 12 take yawo da mutum kusan 50 a kanta, tana fesa ruwa da haninta.

Babur mai tururi ma ba almara ba ne. Sylvester Roper na Boston ya ƙera irinsa kafin 1870, da tukunyar ruwa a tsakanin ƙafafun mahayi. A 1896, yana da shekara 72, ya mutu a kan wani sabon samfurin da ya ƙera, yana gwada gudunsa a filin tsere. Masu sha'awar yau galibi ba sa bin sa har can. Injin fetur suke bari yadda yake, su cire robobi, su bayyana bututu da sarƙa, su sa tankin jan ƙarfe da kujerar fata da fitila irin ta keken doki. Wasu kuwa haƙoran agogo kawai suke mannawa da gam a jikin komai, abin da su kansu 'yan salon suke yi wa dariya.

Me ya ja su? Na'urar yau a rufe take. Wayar hannu ba ta nuna yadda take aiki, kamfanin da ya yi ta ma ba ya son a buɗe. Injin tururi kuwa komai nasa a fili: ga wuta, ga ruwa, ga sandar da ke tura ƙafa. Baturen da ya tashi a garin da gyara ya fi sayen sabo tsada yana kewar injin da zai kwance ya ɗaure da hannunsa. Wannan kewa ba ta da wurin zama a Gombe, inda yaro ɗan shekara goma sha biyar ke wanke kafireta a gefen titi, mai gyaran waya kuma ke ɗaga gilashin wayar da aka ce ba ta buɗuwa. Abin da wancan yake biya da tsada don ya ɗanɗana a ƙarshen mako, shi ne abincin yau da gobe na makanikan Jekadafari da Bolari da Tudun Wada.

Ƙarni na 19 na wa?

Matsalar tana ga tufafi da tarihin da salon ya ɗauko. Doguwar malafa, kwat, tabarau mai ɗauri, hular kwano irin ta jami'in mulkin mallaka: duk kayan mutanen da suke cin duniya ne a lokacin. Verne kansa ya bi ta saman ƙasashen nan a littafinsa na 1863 na tafiyar mako biyar cikin balan-balan, daga Zanzibar zuwa Senegal. Jarumansa sun ratsa Tafkin Chadi, sun hango Tumbuktu, suna bin sawun matafiyi Heinrich Barth, mutanen ƙasa kuwa ba su wuce abin leƙe daga sama ba.

Ƙarni na 19 na Gombe daban ne. Shi ne na Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa masarauta da cibiya a Gombe Abba. Shi ne na Malam Jibrilla Gaini, wanda ya kafa kansa a Burmi ya gagari sarakunan yankin har Turawa suka kama shi a 1902. Injin zamanin Biktoriya da ya fara yin magana da ƙarfi a wannan ƙasa shi ne bindiga mai ruwa ta Hiram Maxim, wadda aka ƙirƙiro a 1884. Ana zuba ruwa a kwanson da ya lulluɓe bakinta, in an daɗe ana harbi ruwan ya tafasa ya yi tururi. A ranar 27 ga Yulin 1903 aka yi karon ƙarshe da sojan Turawa a Burmi, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya faɗi tare da ɗaruruwan mutanensa, Manjo Marsh da ya jagoranci harin shi ma bai tsira ba. Shekara guda bayan haka ayarin wani Bature, Boyd Alexander, ya hauro Gongola da jiragen ruwa na ƙarfe har Ashaka, aka kwance su gunduwa-gunduwa, 'yan dako suka ɗauka a ka aka nufi Borno.

Matashin Gombe da ya sa hular kwano ya ɗauki hoto kusa da babur mai tagulla, ya kamata ya san rigar wa ya ara.

Jirgin ƙasa ma a makare ya zo. Ya isa Kano a 1911, amma garin Gombe na yanzu bai zama cibiyar masarauta ba sai 1919, bayan an tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913. Dogon da ya taso daga Kuru, wanda aka shimfiɗa da taimakon bashin dala miliyan 28 na Bankin Duniya na 1958, ya shigo Bauchi a 1961, Gombe a 1963, Maiduguri a 1964. A lokacin hukumar jiragen ƙasa ta riga ta shekara takwas tana sayen kawunan jirgi masu amfani da dizal, yaƙin basasa kuma ya zo ya yanke hanyar kwal ɗin Inugu. Tururi na sallama ke nan dogo ya iso. Injin da ya fi barin suna a garin shi ne na gurzar auduga, wanda har yau unguwar BCGA ke ɗauke da sunan kamfaninsa. Wani abin mamaki, yanzu ne ake haƙar kwal a jihar, a Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko, don ma'aikatar siminti ta Ashaka, kuma mazauna wurin da suka sha kokawa kan ƙura da gurɓatar ruwa ba za su ga wani abin sha'awa a baƙin hayaƙi ba.

Wannan duka bai hana shiga salon ba. Ƙofar shiga ce kawai ta bambanta, kuma wasu sun riga sun buɗe ta. Nisi Shawl a Everfair na 2016 ta ba mutanen Kwango jiragen sama masu iska don su tunkari Sarki Leopold da ya mallake ƙasarsu. P. Djèlí Clark ya gina Alƙahira ta 1912 wadda aljanu da injiniyoyi suka haɗu suka kori Turawa, littafinsa A Master of Djinn na 2021 ya ci kyautar Nebula. Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a nan. Tun 1934 Bello Kagara ya sa Ganɗoki ya gwabza da sojan Turawa, aljanu suka ɗauke shi zuwa wasu ƙasashe, ya dawo ya tarar da zamani ya juya. A 1969 Umaru Dembo ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya.

Kayan ginin ma na gaske ne. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimu, maƙera sun ƙera igwa, an kuma haɗa albarushi a Zinder. Bida tana da maƙeran tagulla da masu narka gilashi. Katsina ta fitar da Muhammad al-Kashinawi, masanin lissafin da ya yi rubutu kan hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. A ɗakunan karatun Musulunci akwai littafin al-Jazari na 1206 mai agogon giwa, akwai Taƙiyyuddin da ya bayyana a 1551 yadda tururi ke juya tsinken gashin nama. Marubuci na da ikon tambaya: da waɗannan takardu sun biyo ayarin Fezzan sun faɗa hannun maƙeran Zinder, da wane irin inji za a ga yana jan gishiri daga Bilma? Da wane irin jirgi za a ga a Gongola lokacin cikar ruwa? Mai walda kuma na da ikon amsawa da ƙarfe.

Taswira

Ɓangaren salon da ya fi arha shi ne zanen taswira: takarda, tawada, ruwan shayi don takardar ta yi kamar ta tsufa. Tsohuwar al'ada ce a adabin Turai. Robert Louis Stevenson ya fara zana tsibiri ne a 1881 don ya ɗebe wa agolansa kewa, daga zanen labarin Treasure Island ya fito.

Sai dai Afirka ta Yamma ta riga ta ga taswirar ƙarya wadda ba a yi don wasa ba. A 1798 James Rennell, yana zana taswira don littafin matafiyi Mungo Park, ya shimfiɗa wasu dogayen duwatsu daga yamma zuwa gabas ya kira su Duwatsun Kong. Babu su. Amma masu zane suka yi ta kwafar juna, duwatsun suka bayyana a taswirori kusan arba'in, har sai da Louis-Gustave Binger ya taka ƙasar da ƙafarsa tsakanin 1887 da 1889 ya tarar da fili. Ta wannan gefen kuma akwai taswirar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba matafiyi Hugh Clapperton a Sakkwato a 1824, wadda aka buga a Landan a 1826. A jikinta Kwara ta nufi gabas wajen Nilu, alhali Clapperton ya ruwaito cewa Bello ya zana masa a ƙasa yadda kogin ke faɗawa teku. Wasu masana tarihi na ganin da gangan aka karkatar da kogin a takarda, don kada baƙo ya gane ƙofar shigowa da jiragensa. In haka ne, to taswirar ƙirƙira ta taɓa zama garkuwa a ƙasar nan.

Ƙasar Gombe ta dace da alƙalami. Ga Gongola da ta yi baka ta kewaye masarautar kafin ta gangara Binuwai, ga Dutsen Bima da labaran Mahadi da suka rataya a kansa, ga tsaunukan Tula da Tangale, ga tsofaffin garuruwa masu ganuwa. Ɗalibin da ya zana wannan ƙasa da dogo daga Nafada zuwa Kukawa a shekarar da ba a taɓa yi ba, da sunayen tashoshi cikin ajami, dole ya fara sanin inda tudu yake, inda ruwa yake, da nisan da kan jirgi zai yi kafin ya sake shan ruwa. Ƙarya mai kyau a taswira tana cin karatu fiye da kwafe ta gaskiya daga allo.

"Me zai yi amfani?"

Ƙera abu don wasa ba sabon abu ba ne ga yaron Arewa. Da motar kara ya fara, ya koma ta langa-langa da gwangwanin madara, ya yanka tsohon silifa ya yi taya, ya ɗaura doguwar waya ta zama sitiyari. Yana girma sai a ce ya bar shiririta. In ya nace, hanya ɗaya aka bar masa: ya zama "matashi mai ƙirƙira", a ɗauke shi a bidiyo, ya roƙi gwamnati ta tallafa.

A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota da tarkacen wani jirgin da ya faɗi. Labarin ya zaga duniya. Jirgin bai taɓa wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. In aka auna shi da ma'aunin sufurin sama, bai kai ba. In aka auna shi a matsayin abin da saurayi ya ƙera a gidansu cikin wata takwas, daga karatun intanet da kuɗin gyaran waya da kwamfuta, to ya fi yawancin abin da aka baje a Oxford ban mamaki. Ba a ba shi ma'auni na biyun ba, don babu shi a kasuwar nan.

Akwai masu ƙirƙirar da amfani ne gabansu, kuma sun cancanci yabo. Usman Dalhatu, ɗan Gombe mai karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello, ya haɗa na'urar taimaka wa numfashi lokacin annobar korona a 2020. Mustapha Gajibo na Maiduguri ya mayar da ƙananan motocin haya zuwa masu aiki da lantarki. Amma ba kowane mai son ƙarfe ne zai warware matsalar ƙasa ba, kuma tilasta masa da'awar haka na sa shi yin alkawarin da kayansa ba za su cika ba. Jelani Aliyu na Sakkwato, wanda ya zana surar motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, ya sha faɗin cewa da zanen motoci na yarinta ya fara. Ba wanda zai iya nuna amfanin waɗancan zane-zane a ranar da aka yi su.

Gargaɗi ɗaya ya wajaba a nan. Ado daban, tukunyar tururi daban. Ruwan da aka kulle aka hura masa wuta bom ne, kuma tsohuwar tukunyar gas da aka yi wa walda a bakin titi ba ta da abin rage matsi, ba a kuma gwada ƙarfinta ba. Wanda yake son ganin tururi na juya ƙafa ya yi ƙarami, a ɗakin gwaji, gaban malamin da ya san aikin. Haka babur: duk kwalliyar da ta taɓa birki ko ta rufe fitila ko lamba ta fita daga sahun fasaha.

Gombe na da wuraren da za su riƙe wannan aiki. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha tana nan tun 1977 da ɗakunan aikin ƙarfe da katako. Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, tana da masana tarihi da masana labarin ƙasa, ga ta Tarayya a Kashere tun 2011. Abin da ba a saba ba shi ne a zaunar da ɗalibin tarihi da mai walda da baduku a kan babur ɗaya: wannan ya kawo labarin, wancan ya lanƙwasa bututu, na ukun ya ɗinka kujera da jan fata irin ta sirdi. Baje koli na kwana biyu a shekara ya isa a fara, da sharaɗin alƙalai su duba kyan haɗi da tsabtar walda da labarin da ke bayan ƙirar, su bar tambayar kasuwa ga wani taron.

Lokaci kuma ba ya jira, saboda kayan aikin suna ƙarewa. Keken ɗinki na Singer mai ƙafar baƙin ƙarfe, dutsen guga na gawayi mai zakara a ka, fitilar ƙwai, tsohon keken Raleigh, agogon bango mai lilo, ma'aunin auduga: irin abin da ɗan salon tururi a Ingila ke nema a kasuwar gwanjo da tsada, a nan 'yan gwangwan ne ke bi gida-gida suna saye da kilo. Jan ƙarfe da tagulla su suka fi daraja a sikeli, don haka su ake fara ɓallewa. Sauran a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe, su dawo a matsayin rodin gini. A Ebute Metta ta Legas wata ƙungiya mai zaman kanta, Legacy 1995, ta gyara wani tsohon gida da ake kira gidan Jaekel ta tara kayan reluwe a ciki. Makarantar fasaha a Gombe na iya yin ƙaramin irinsa da ɗaki ɗaya da sikeli ɗaya, ta riƙa sayen irin waɗannan kaya daga hannun 'yan gwangwan a farashin da dillali ke biya, da ɗan ƙari a kai.